Jirgin Ƙasan da Ake Shimfiɗa wa Jan Kafet: Me Ya Kashe 20th Century Limited?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga wani tsohon hoto na wata tashar jirgin ƙasa a Amurka, an shimfiɗa jan kafet tun daga ƙofa har bakin tarago. An ce sunan jirgin 20th Century Limited, kuma an daina shi tuntuni. Wane irin jirgi ne wannan, kuma me ya sa aka bar shi ya mutu? Jirgin sama ne ya kashe shi kamar yadda na ji ana faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jirgin sama yana da hannu a ciki, babban hannu ma kuwa, amma ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Kafin ka gane abin da ya kashe wannan jirgi, sai ka fara gane abin da yake sayarwa. Wanda ya ga kafet da furanni zai ɗauka ƙawa ce hajarsa. A gaskiya lokaci yake sayar wa 'yan kasuwa: ka gama aikinka na yau a New York, ka kwana a hanya, gari na wayewa kana Shikago ka shiga ofis da wankanka da gugarka, ba ka yi asarar yini ko ɗaya ba. Duk sauran abubuwan an jingina su ne a kan wannan. Ranar da wani ya zo da hanyar da ta fi shi rage lokaci, ranar ce ajalinsa ya fara matsowa, sauran matsaloli kuma suka taru suka ƙarasa shi.

Kamfanin New York Central ne mai jirgin, kuma ya fara tashi ranar 15 ga Yuni, 1902. Tsakanin biranen biyu mil 960 ne ta layinsa, wato kusan kilomita 1,545, ya ɗara nisan Legas zuwa Kano ta layin dogo da fiye da kilomita 400. Wanda ya ƙirƙiro shi wani jami'in kamfanin ne mai kula da harkar fasinja, George H. Daniels, mutumin da ya ƙware a talla ƙwarai. Tun a 1893, lokacin babbar kasuwar baje koli ta duniya a Shikago, kamfanin ya gwada wani jirgi na musamman da ke cinye hanyar cikin awa 20, aka ga abin zai yiwu. Shi ne Daniels ya mayar da shi na kullum. Jiragen da ake da su a lokacin awa 24 suke yi ko fiye. Sabon jirgin kan bar New York da ƙarfe 2:45 na rana ya shiga Shikago da 9:45 na safe, agogon Shikago kuwa yana bayan na New York da awa ɗaya. Ba ya tsayawa sai a 'yan tashoshi kaɗan, kuma babu taragon zama a jikinsa ko ɗaya, duk na kwana ne. Akwai mai aski a ciki, akwai akawu da keken rubutu wanda za ka faɗa masa wasiƙa ya buga maka a jefa ta a tasha ta gaba. Idan jirgi ya makara, ana mayar wa kowane fasinja dala ɗaya a kan kowace awa. Wannan alƙawari shi ya fi komai nuna maka abin da aka sayar masa tun farko.

A ranar da ya fara, babban abokin gabarsa, kamfanin Pennsylvania Railroad, shi ma ya saki nasa jirgin na awa 20, wanda daga 1912 aka sa wa suna Broadway Limited. Shekara 65 suka yi suna kishi. Layin Pennsylvania ya fi gajarta da kimanin mil 50, amma sai ya haura duwatsun Allegheny, ga hawa ga gangara ga kwana-kwana. Layin New York Central kuwa gefen ruwa yake bi tun daga farko har ƙarshe: ya bi gaɓar kogin Hudson ya yi arewa zuwa Albany, ya karya yamma ta kwarin kogin Mohawk zuwa Buffalo, ya bi bakin tafkin Erie ta Cleveland da Toledo, sannan ya faɗa Shikago. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba jijjiga. Da wannan suka riƙa talla, suna cewa a layinsu mutum yana iya barci. A tashar Englewood da ke kudancin Shikago layukan kamfanonin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa na 'yan mil, kuma sau da yawa jiragen biyu kan tashi daga nan a lokaci guda, direbobi su buɗe wuta, fasinjoji na leƙen juna ta taga.

Wannan tsere ya ci rayuka. A 1905 kamfanonin biyu suka rage lokacin zuwa awa 18. Kwanaki kaɗan da farawa, ranar 21 ga Yuni, jirgin ya zo da gudu garin Mentor a jihar Ohio, ya tarar an bar wurin karkatar da jirgi zuwa layin gefe a buɗe, ya afka wa ɗakin ajiyar kaya. Mutum 21 suka mutu. A 1912 kamfanonin suka koma awa 20, kuma ba a sake rage lokacin ba sai a 1932, bayan taragun ƙarfe sun maye gurbin na katako, layi da sigina sun inganta.

Yadda ake riƙe wannan gudu na dare guda abu ne da nake so ka gani da kyau, domin a nan kuɗin yake tafiya. An hana jirgi mai hayaƙi shiga tsakiyar New York bayan wani mummunan haɗari a ramin ƙarƙashin ƙasa a 1902, saboda haka kan jirgi mai lantarki ne ke jawo shi daga tashar Grand Central zuwa Harmon, kimanin kilomita 53. A nan ake cire shi cikin 'yan mintoci a ɗaura mai kwal da tururi. Kan jirgi mai tururi kuwa ruwa yake sha kamar ba gobe, kuma tsayawa shan ruwa ɓata lokaci ne. Sai aka gina dogayen kwatami a tsakanin ƙarafan layi a wurare da dama, aka cika su da ruwa. Jirgi na cikin gudu, mai kula da wuta zai sauke wani babban ludayin ƙarfe da ke ƙarƙashin taragon kwal da ruwa, ƙarfin gudun ya tura ruwan sama ya cika tanki cikin daƙiƙoƙi, ruwa na fantsama ko'ina. Da hunturu sai an riƙa ɗumama kwatamin da tururi don kada ya daskare. A dogon sashe na hanyar layi huɗu ne a jere, biyu na fasinja biyu na kaya, don kada jirgin kaya ya tare masa gaba. Duk ma'aikacin sigina ya san idan lamba 25 mai zuwa yamma ko lamba 26 mai zuwa gabas ya doso, kowa sai ya kauce.

Kuɗin shiga ba na talaka ba ne. A shekarun 1920 tikitin hanya dala 32.70 ne, sai ƙarin dala 9.60 don kawai wannan jirgin ka zaɓa, sai dala 9 na gadon ƙasa a taragon kwana. Jimla dala 51.30, kusan albashin mako biyu na ma'aikacin masana'anta a wancan zamani. Duk da haka cika yake yi har ya tumbatsa. A 1928 ya kawo wa kamfanin kimanin dala miliyan 10. Idan fasinja sun yi yawa akan raba shi kashi-kashi, jirage da dama masu suna ɗaya suna bin juna da tazarar mintoci, har akwai ranar da ya tashi kashi bakwai a watan Janairun 1929.

Hoton da ka gani daga 1938 ne zuwa sama. A wannan shekara, ranar 15 ga Yuni, kamfanin ya fito da sabon jirgi dungurungum wanda wani gwanin zane, Henry Dreyfuss, ya tsara tun daga hancin kan jirgi har zuwa farantin cin abinci da kwalin ashana. Launinsa toka-toka ne da ratsin shuɗi. Aka kawar da tsohon tsarin gadaje sama da ƙasa masu labule, kowane fasinja ya samu ɗakinsa mai ƙofa da wurin wanke fuska da makewayi. Aka rage tafiyar zuwa awa 16: tashi ƙarfe 6 na yamma, isa ƙarfe 9 na safe, matsakaicin gudu kusan kilomita 97 a awa har da tsaye-tsaye. Wannan ne ya cika alƙawarin jirgin, domin yanzu ɗan kasuwa na iya zama a ofis har a tashi aiki. Kafet ɗin mai tsawon kusan mita 80 akan shimfiɗa shi kowace yamma a dandamali na 34 a Grand Central, a naɗe shi bayan jirgi ya tashi. Ana ba maza fure su maƙala a kwat, mata kuma turare. Da bazara, sa'ar da ake zama cin abincin dare, jirgin na bin gaɓar Hudson, kogin na hannun hagu, rana na faɗuwa a bayan tsaunukan tsallake. Bayan an kwashe kwanuka sai a rage fitilu a taragon abinci ya koma wurin hira da kiɗa.

Akwai mutanen da ba sa fitowa a irin waɗannan hotuna sai dai a gefe, kuma ba zan ba ka labarin jirgin nan in tsallake su ba. Taragun kwana na kamfanin Pullman ne, masu hidima a cikinsu kuwa kusan dukkansu baƙaƙen fata ne, tun daga zamanin da George Pullman ya fara ɗaukar 'yantattun bayi bayan yaƙin basasar Amurka. Su ke gyara gado, su ɗauki kaya, su amsa ƙararrawa ko ƙarfe nawa ne. A jikin kowane ɗaki akwai wata 'yar akwati mai ƙofa biyu, fasinja ya sa takalminsa ta ciki ya kwanta, ma'aikaci ya buɗe ta waje cikin dare ya goge shi ya mayar, man gogewar ma da kuɗinsa ya saya. A shekarun 1920 sai sun yi awa 400 a wata, ko tafiyar mil 11,000, kafin a biya su cikakken albashi na kimanin dala 70, sauran rayuwa ta dogara ga tukwici. Fasinjoji da yawa ba sa ma tambayar sunansu, kowa "George" ake kiransa, da sunan mai kamfanin. A 1925 suka kafa ƙungiyar ƙwadago a ƙarƙashin A. Philip Randolph, suka shafe shekara 12 suna fafatawa kafin Pullman ya sa hannu a yarjejeniya a 1937, aka rage awannin zuwa 240 a wata. Randolph ɗin nan shi ne daga baya ya jagoranci babban gangamin neman 'yancin baƙar fata a Washington a 1963. A ganina, wani ɓangare na ribar da jirgin ya ci a shekarunsa na ganiya gumin waɗannan bayin Allah ne da ba a biya yadda ya kamata ba. Da albashi ya fara zama na adalci, irin wannan hidima ta mutum ɗaya a kan fasinja kaɗan sai ta zama mai tsadar gaske.

Lokacin yaƙin duniya na biyu jiragen ƙasan Amurka sun cika maƙil, saboda an taƙaita man fetur da tayoyi. Kamfanoni suka ɗauka haka za a ci gaba. New York Central ya yi odar ɗaruruwan sabbin taragu, ya koma kan jirgi mai dizal, kuma a watan Satumban 1948 aka ƙaddamar da sabon 20th Century Limited a wani biki da Janar Dwight Eisenhower ya halarta. Wannan ne sabon jirgi na ƙarshe da aka yi masa.

To yanzu ga jirgin sama. Tun a 1936 kamfanin American Airlines ya fara jigila tsakanin biranen biyu da jirgin DC-3 ba tare da tsayawa ba, cikin awa huɗu ko ɗan fiye. A lokacin mutane na tsoro, kujeru kaɗan ne, hazo ko dusar ƙanƙara na hana tashi. Bayan yaƙi jiragen suka girma suka ƙara aminci, kuma daga 1959 masu injin jet suka mayar da tafiyar ta awa biyu. Ka duba abin da wannan ke nufi ga ainihin fasinjan Century. Da, jirgin ƙasa na ce masa ba zai yi asarar yinin aiki ba. Yanzu jirgin sama na ce masa ya tashi da safe, ya yi taronsa, ya dawo ya kwana a gidansa da iyalinsa. Babu kafet ko turaren da zai ja da wannan. Kuma waɗanda suka fara guduwa su ne masu biyan kuɗi mafi tsoka, waɗanda kamfanoninsu ke biya musu tikiti.

Mota kuma ta kwashe na ƙasa da su. Tsakanin 1954 da 1956 aka buɗe babbar hanyar jihar New York, wadda ta bi gefen layin dogon kusan taku da taku daga New York zuwa Buffalo. Jihar Ohio ta buɗe tata a 1955, Indiana a 1956. A 1956 ɗin ne Eisenhower, yana shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar gina manyan tituna mil 41,000, gwamnatin tarayya na biyan kashi 90 cikin ɗari. Century kansa bai dogara da masu mota ba, amma sauran jiragen fasinja da suke raba kuɗin tashoshi da layi da shi sun dogara da su. Da suka rame, nauyin ya dawo kan 'yan kaɗan da suka rage.

A nan ne nake ganin an yi wa jirgin ƙasa rashin adalci. Filayen jiragen sama hukuma ce ta gina, ita ke biyan masu kula da zirga-zirgar sama, ita ke shimfiɗa titi. Kamfanin jirgin ƙasa kuwa shi ke gina layinsa, shi ke gyara shi, shi ke biyan masu sigina, sannan kowane gari da layin ya ratsa sai ya karɓi harajin ƙasa da na gini a hannunsa. Harajin da aka ɗora wa tikitin fasinja lokacin yaƙi don a rage tafiye-tafiye, wanda ya kai kashi 15 cikin ɗari, ba a cire shi gaba ɗaya daga tikitin jirgin ƙasa ba sai a 1962. Hukumar tarayya mai kula da sufuri tsakanin jihohi ita ke da ta cewa a kan farashi, kamfani ba ya iya motsawa sai da izninta. Ga kuma ƙa'idojin aiki da aka gada tun wajen 1919, lokacin da jirage ke tafiyar hawainiya: mil 100 shi ne aikin yini ɗaya ga direba da mai kula da wuta. Jirgin da ke cinye mil 960 a dare ɗaya sai ya biya albashin yini na rukuni-rukuni na ma'aikata. A 1957 asarar da kamfanonin jiragen ƙasan Amurka suka lissafa a harkar fasinja ta haura dala miliyan 700. A shekarar da ta biyo baya wani jami'in hukumar, Howard Hosmer, ya rubuta rahoto cewa idan aka ci gaba a haka, taragun kwana za su ɓace kafin 1965, na zama kuma kafin 1970. Bai yi nisa da gaskiya ba.

Shi ma kamfanin ba zan wanke shi ba. Alfred Perlman, wanda ya karɓi ragamarsa a 1954, ƙwararren injiniya ne da ya yi imani cewa abincin kamfanin na cikin jigilar kaya. Ta fuskar lissafi yana da hujja. Ya rage layuka huɗun nan zuwa biyu, ya zuba kuɗi a harkar kaya. Zuwa 1958 an haɗe Century da wani jirgin mai rahusa, Commodore Vanderbilt, aka jona masa taragun zama, aka sallami mai aski da akawu. Kowane mataki ya rage kashe kuɗi, kuma kowane mataki ya rage dalilin da zai sa mai hali ya zaɓe shi. Sunan na nan, kafet na nan, amma tsofaffin fasinjojinsa sun san ba shi ba ne.

Abin da ya ƙarasa shi wasiƙu ne. Jiragen fasinja da yawa, har da wannan, suna jan taragon gidan waya inda ma'aikata ke tantance wasiƙu cikin dare jirgi na tafiya, kuma kuɗin wannan kwangila shi ke rufe wa da yawansu asiri. A watan Satumban 1967 hukumar gidan waya ta soke kusan dukkan kwangilolin ta koma motoci da jiragen sama. Ranar 2 ga Disamba, 1967, da ƙarfe 6 na yamma, 20th Century Limited ya bar dandamali na 34 a karo na ƙarshe, rabin ɗakunansa babu kowa. Wani jirgin kaya ya kauce layi a kusa da Conneaut a jihar Ohio, aka karkatar da shi ta layin wani kamfani, ya isa tashar LaSalle Street a Shikago a makare da awa 9 da minti 50. Washegari jirgin da ya gaje shi ba shi da suna, lamba kawai. Cikin watan nan shi ma Broadway Limited ya daina zama na taragun kwana zalla. Watanni biyu bayan haka, ranar 1 ga Fabrairu, 1968, kamfanonin biyu da suka yi shekaru suna gaba suka haɗe suka zama Penn Central, wanda ya karye a watan Yunin 1970, karyewar kamfani mafi girma da Amurka ta taɓa gani zuwa lokacin. Daga nan ne gwamnati ta kafa Amtrak, ya karɓi jigilar fasinja ranar 1 ga Mayu, 1971.

Wataƙila ka ce, da an so ai da an cece shi. A siffarsa ta 1938, ban ga hanya ba. Amma jirgin ƙasa a matsayin hanyar tafiya tsakanin manyan birane bai zama dole ya mutu ba. A 1964, shekara uku kafin a binne Century, Japan ta buɗe layin Shinkansen, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, tsakanin Tokyo da Osaka, kilomita 515, da kuɗin hukuma da sabon layi na fasinja zalla, kuma a 1965 tafiyar ta koma awa 3 da minti 10. Yau a ƙasar Sin ana yin kilomita 1,318 tsakanin Beijing da Shanghai cikin kimanin awa huɗu da rabi. Waɗannan ƙasashe sun mayar wa jirgin ƙasa hajarsa ta asali, wato lokaci. Amurka ta zaɓi ta zuba dukiyarta a titi da filin jirgin sama, ta bar layin dogo a hannun kamfanonin da ba su da ƙarfin yin irin wannan gini ko da sun so.

Hanyar dai tana nan ana bin ta. Tun 1975 Amtrak ke gudanar da wani jirgin dare mai suna Lake Shore Limited a kusan layin nan, yana da taragun kwana da na zama, sai dai daga tashar Penn ta New York yake tashi yanzu ya sauka a tashar Union Station ta Shikago. Yana ɗaukar awa 19 zuwa 20, wato daidai da abin da aka yi a 1902, kuma mafi yawan layin na kamfanonin jigilar kaya ne, CSX da Norfolk Southern, don haka yakan tsaya ya jira jirgin kaya ya wuce. Taragon ƙarshe na jirgin 1948, mai zagayayyen baya da manyan tagogi, wanda ake kira Hickory Creek, wata ƙungiyar masu adana tarihin jiragen ƙasa a jihar New Jersey ta gyara shi, kuma an sha jona shi a bayan jirgin Amtrak ya kai masu sha'awa Albany ta gaɓar Hudson ya dawo da su.